Gigin tsufa ciwo ne, ba maita ba

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila a gidanku ko a unguwarku akwai wata tsohuwa wadda ta sake hali. Ta sha hura yanzu, an jima ta ce an hana mata abinci. Ta aje kuɗinta ta manta wurin, ta ce jikanta ya sace. Wata rana ta hita ta kasa gane hanyar gida. Sai ka ji ana cewa ta haukace, ko aljanu ne, wasu ma su ce mayya ce.

To, ka saurara. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, shi muke kira gigin tsufa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa sannu sannu. Ba kowane tsoho ke yin shi ba. Irin da ya hi yawa ana ce mishi Alzaima, sunan wani lokotoro ɗan Jamus da ya bayyana shi a 1906.

Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, watau OMS, ta ce a 2021 mutum miliyon 57 ke da ciwon a duniya. Sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarhi ko matsakaici. Mata sun hi maza kamuwa, kuma galibi mata ne ke jinya.

Mi ke jawo shi? Babban dalili shekaru ne. Amma zaman rayuwa na da hannu ciki. A 2024 wani kwamitin masana ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa. Cikinsu akwai ƙarancin karatu, kaɗaici, baƙin ciki mai daɗewa, rashin ji, rashin gani, hawan jini, ciwon sukari da shan taba. Duba tsohuwar da mijinta ya rasu, ƴaƴa sun tahi ci-rani, kunne ya yi nauyi, ba mai zama hira da ita. Ka ga abubuwa nawa suka taru mata?

Sau da yawa ba a kai tsoho likita sai ya fara faɗa ko yawon dare. Kada ka jira hakan. Wani ruɗewar daga zazzaɓi ne, ko baƙin ciki, ko wani maganin da yake sha, kuma waɗannan suna warkewa. Lokotoro ne ke iya rarrabewa. Fara da likitar kusa da ku. In abin ya hi ƙarhinsu, za su tura ku gaba. A babban asibitin Yamai akwai sashen ciwon ƙwaƙwalwa, ana duba mutum ya koma gida. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Gigin tsufa na ainihi ba shi da maganin warkewa har yanzu, amma kulawa na rage wahala. Kada a ɗaure tsoho, kada a kulle shi, kada yara su yi mishi dariya. In ya ce an sace mishi kuɗi, bar gardama, taya shi nema. Yi magana a hankali, gajera. A nisanta shi da wuta da rijiya. A riƙa karɓar mai jinya, ita ma ta huta.

Ita ce ta goye ka lokacin da ba ka san sunanka ba. In yau ta manta sunanka, kai kada ka manta da ita. Allah ya ba mu tsufa mai kyau.