Yadda Ake Tatsar Ruwa Daga Tururi A Gida

A Ambursa da ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima, daga Birnin Kebbi har Argungu, gidaje da yawa sun sa wutar sola. Da ita ake cajin waya, ake kunna fanka da fitila. Amma kuka ɗaya ake yawan ji: batir ba ya daɗewa. Mutum ya sayar da buhunan shinkafa ya sayi batir, kafin ya more shi ya mutu. Sau da yawa ruwan da ake ƙara masa ne ke kashe shi.

Batir mai murafu a kansa yana ɗauke da faifayen dalma a cikin ruwa mai asid. In ana caji, ruwan yana raguwa, asid ɗin kuwa yana nan. Saboda haka ba asid ake ƙarawa ba, ruwa zalla ake ƙarawa. Ruwan rijiya da na burtsatse da na gulbi duk suna da gishiri da ƙarfe narkakku a ciki, ko da ido bai gani ba. Su ne ke ɓata faifayen batir a hankali. Ruwan leda ma bai dace ba. Tafasa ruwa kawai ba ta raba shi da gishiri. A duba cikin tsohuwar butar shayi, za a ga farin abu ya daskare a gindinta. Wannan shi ne abin da ruwa ya bari.

Yadda abin yake

In ruwa ya tafasa yakan zama tururi ya tashi. Gishiri da laka ba sa binsa, suna zama a tukunya. In tururin ya taɓa abu mai sanyi, sai ya koma ruwa. Kowace mace ta san wannan, domin tana ganin ɗigon ruwa a cikin murfin tukunyar tuwo. Tara wannan ɗigo shi ne dukan aikin. Dabara ce tsohuwa. Tun ƙarni na 9 wani malami a Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta littafi a kan yadda ake tatsar turare ta wannan hanya.

Kayan mai farawa

Mai farawa ba ya bukatar sayen inji. Ga abin da zai nema: babbar tukunya mai murfi mai doro, wanda ba ya tsatsa, kwanon tangaran ko na gilas da zai shiga cikinta, tsabtataccen dutse ko wani abin da za a ɗora kwanon a kai, ruwan sanyi na randa, da jarkar roba sabuwa ko kwalba.

A zuba ruwa a tukunya kamar kashi ɗaya cikin uku. In ruwan yana da laka, a bari ya kwanta tukuna, a tace shi da ƙyalle. A ɗora kwanon a tsakiya, bakinsa ya fi ruwan tsawo. A kifa murfin baibai, doronsa yana kallon ƙasa. A zuba ruwan sanyi a kan murfin. Sai a hura wuta. Tururi zai taɓa murfin, ya zama ɗigo, ya gangara tsakiya, ya faɗa cikin kwanon. Duk lokacin da ruwan saman murfi ya yi zafi, a kwashe shi a zuba mai sanyi.

Wuta kaɗan-kaɗan ta fi. In tafasar ta yi ƙarfi, ruwan tukunya zai fantsama cikin kwanon, aiki ya ɓaci. A zubar da ɗan abin da ya fara taruwa. Kada a bari tukunyar ta ƙafe.

Aikin yana cin wuta. Mayar da ruwa tururi yana bukatar zafi fiye da ninki 5 na wanda ya kai shi tafasa. Don haka wanda ke da murhun buntun shinkafa ya yi amfani da shi, ya bar itace.

Rana ma tana iya wannan aiki

A watannin Maris da Afrilu zafin ƙasar Kebbi yakan wuce digiri 40. Ana iya cin moriyarsa. A sami faranti mai faɗi baƙi, a zuba ruwa kaɗan, a sa shi cikin akwati, a rufe da gilas a karkace. A gefen da ya yi ƙasa a sa ɗan indararo mai kai ruwa cikin kwalba. Gilas mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi yakan ba da kamar lita 2 zuwa 4 a yini mai rana sosai. A ƙasar Chile an gina babbar matatsa irin wannan tun 1872, a wani wuri mai suna Las Salinas, don samar wa masu haƙar ma'adinai ruwan sha a cikin hamada.

Gwaji mai sauƙi

A ɗiga ruwan da aka tatsa a kan madubi mai tsabta. A gefensa a ɗiga na rijiya. A shanya su a rana. Na rijiya zai bar farin tabo. Wanda aka tatsa da kyau ba zai bar kome ba. A adana shi a roba ko kwalba a rufe, ba a gwangwani ba.

Abubuwan kiyayewa

Kada a toshe tukunya ko a danne murfin da nauyi. Tururin da ya rasa mafita yana iya fasa ta ya ƙone mutum. In za a buɗe, a kau da fuska, a kori yara.

Kada a yi aiki da jarka ko durom da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshin gona a ciki. Wasu dafin suna bin tururi.

Wajen ƙara wa batir ruwa, a zuba har ya rufe faifayen, a tsaya a kan layin da aka zana. Kada a matso da wuta ko sigari, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. In asid ya taɓa ido ko jiki, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Batir rufaffe da na litiyom ba a buɗe su, ba a ƙara musu ruwa.

Waɗannan kaya na ruwa ne. Dokar Shari'a da Jihar Kebbi ta ɗauka a 2000 ta hana giya. Ban da haka, a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba.

Lita ɗaya ko biyu ta isa gida guda ta daɗe. A riƙa duba batir sau ɗaya a wata, musamman da bazara. Wanda hannunsa ya faɗa kuma, yana iya tatsa da yawa ya sayar wa maƙwabta da masu gyaran mota.