Gidan Tarihin Kalanga da Jita-jitar da Ta Ƙi Mutuwa Kan Maginan Dutse

Har yau ana samun masu yaɗa zancen cewa tsofaffin gine-ginen dutse da ke Zimbabwe da arewa maso gabashin Botswana aikin wasu baƙi ne daga hayin teku, kuma abin takaici shi ne yadda ’yan Afirka da kansu suke maimaita shi ba tare da sun tambayi inda ya samo asali ba. Ziyarar gidan tarihi na Supa Ngwao da ke birnin Francistown na Botswana, gidan da ma’anar sunansa da harshen Setswana ita ce nuna al’ada, hanya ce ta fara warware wannan ruɗani. Gidan yana adana tarihi da sana’o’in Kalanga, al’ummar da iyakar mulkin mallaka ta raba tsakanin ƙasashen biyu, wadda harshenta ɗan’uwan Shona ne.

Asalin jita-jitar sananne ne. A shekarar 1871 wani Bajamushe mai suna Karl Mauch ya isa kufan Babbar Zimbabwe, ya danganta ginin da Bilkisu, sarauniyar Saba, wasu kuma daga baya suka jingina shi ga Finikiyawa. Turawan mulkin mallaka sun rungumi wannan ra’ayi hannu bibbiyu domin ya yi daidai da buƙatarsu, tunda wanda ya ƙwace ƙasa zai so a yarda cewa masu ita ba su taɓa gina komai a cikinta ba. Amma da David Randall-MacIver ya haƙa wurin a 1905, sannan Gertrude Caton-Thompson ta sake haƙawa a 1929, abin da suka tarar a ƙarƙashin katangun shi ne tukwane da daɓen ɗakuna irin na mutanen ƙasar, suka tabbatar cewa ’yan Afirka ne maginan. Duk da haka gwamnatin Turawa tsiraru ta Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, ta ci gaba da matsa wa masana lamba, har ɗaya daga cikinsu, Peter Garlake, ya bar ƙasar a 1970 saboda ya ƙi ɓoye wannan gaskiya.

Hujjar tana nan a jikin katangun. Falalen dutsen yankin yakan ɓare falle-falle saboda zafin rana da sanyin dare, magina su farfasa shi su daidaita, su jera ɗaya kan ɗaya ba laka ba siminti, nauyin duwatsun da kyawun jeri su riƙe ginin. A Khami, kimanin kilomita 22 yamma da Bulawayo, wanda ya zama babban birnin daular Butua daga wajen 1450, kuma masana tarihi suke danganta shi da kakannin Kalanga, an yi wa katangun ado da tazara tsakanin duwatsu har suka yi kama da gidan dara. Tangaran ɗin Sin da aka samu a can shaida ce ta fatauci da bakin teku, domin sayen kwano daga wata ƙasa bai taɓa mayar da mai sayarwa maginin gidan mai saye ba. Hukumar UNESCO ta sanya Khami cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. Ko zinariyar kogin Tati da ta ja Turawa daga 1867, har aka kafa Francistown a 1897, tsofaffin ramukan haƙar ’yan ƙasa ne suka nuna musu inda take.

Saboda haka mai ziyarar Supa Ngwao ya kamata ya shiga da natsuwa, ya dubi tukwane da kwanduna da kayan sassaƙa da na kiɗa a matsayin ci gaban fasahar hannu mai dogon tarihi, ya tambayi ma’aikatan gidan sunan kowane abu da harshen Kalanga da kuma amfaninsa, domin tukunyar da aka kalla ba a san ko ta ruwa ce ko ta girki ba, an bar rabin labarinta a baya. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, kada ya taɓa abin da aka ajiye don kallo, idan kuma zai sayi tsaraba ya sayi aikin masu sana’ar yankin ba tare da ya karya musu farashi ba. Ya dace ya haɗa da kufan Domboshaba da ke arewacin birnin, inda Kalanga suke bikin al’adunsu kowace shekara. A can ne aka fi buƙatar kamun kai, domin hawa katanga yana rusa jerin da ba abin da ke riƙe da shi sai nauyinsa, ɗauke tsingaro ko dutse kuwa sata ce komai ƙanƙantarsa, kuma masu farautar zinariya na ƙarshen ƙarni na 19 sun riga sun yi ɓarnar da ba ta gyaruwa a kufai da dama.

Duk wanda ya sake jin ana cewa baƙi ne suka gina waɗannan wurare, haƙƙi ne a kansa ya nemi hujja daga mai maganar, domin binciken 1905 da na 1929 sun daɗe da yanke hukunci.