Wa ke rubuta ƙwallayen 'yan wasanmu?

Tambayi ɗalibin sakandare a Batsari ko Safana ƙwallo nawa Erling Haaland ya ci a Firimiyar Ingila a kakar 2022/2023. Kafin ka rufe baki zai ce maka 36, wataƙila ma ya ƙara da cewa ba a taɓa cin haka ba a kaka guda tun da aka fara gasar. To, juya tambayar gida: wa ya fi ci wa Katsina United ƙwallo a kakar da ta wuce? Nan za ka ga ana kallon juna. Ba laifin ɗaliban ba ne. Gidajen kallo na Turai suke nuna mana, kuma Turawa suna rubuta duk abin da ɗan wasa ya yi a fili. Namu kuwa yawanci a baki yake tsayawa, abin da ke baki kuma iska ce ke ɗauke shi.

Bari mu fara da abin da ke rubuce. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, kuma duka ukun ta dawo gida hannu rabbana: Shooting Stars ta Ibadan ce ta fara doke ta, sai Julius Berger ta Legas, sannan BCC Lions ta Gboko. Yawancin masu karanta wannan shafi ba a haife su ba a lokacin. Bayan shekaru na ɓacewa, ƙungiyar ta haura babbar gasar Najeriya a 2016, tana karɓar baƙi a filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda Katsinawa suka fi sani da Karkanda.

Kakar da ta fi cancanta mu tsaya a kanta ita ce ta 2021/2022. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace tana buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje, huɗun ƙarshe kuma su faɗa rukunin 'yan dagaji. A watan Afrilun 2022 Katsina United ta je Kano wasa da Kano Pillars a filin Sani Abacha. Wasan bai ƙare lafiya ba. Rikici ya tashi, aka farfasa motar 'yan Katsina, hukumar gasar ta ci tarar Pillars ta kuma zabtare mata maki. Da aka rufe kaka, maƙwabtan biyu tare suka faɗa, su da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. Pillars fa mai kofin gasar huɗu ce, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma teburin maki ba ya jin kunyar kowa. A 2023 ne su biyun suka sake haurowa tare.

Har yau idan hira ta kai kan waccan kaka, abin da ake tunawa shi ne gilashin mota. Ga mu kam, tambayoyin da suka fi amfani daban ne. Maki nawa ƙungiyar ta kwaso daga wasanni 19 na waje? Ƙwallo nawa aka zura mata a mintuna 15 na ƙarshe, lokacin da ƙafa ta yi nauyi bayan doguwar tafiyar mota zuwa Aba ko Fatakwal? Wane ɗan baya ne idan ba ya nan raga take zama kasuwa? Duk mai bin gasar Najeriya ya san cin wasa a waje abu ne mai wuya, saboda haka kunnen doki ɗaya a gidan wani yana iya zama abin da ya raba mai zama da mai faɗuwa. Yi lissafin da kanka: ƙungiyar da ta ci wasa 13 a gida, ta yi canjaras 4, ta sha kashi 2, tana da maki 43. Idan ba ta samo komai a waje ba, a nan za ta tsaya. Wata mai irin wannan sakamako da ta lallaɓa ta samo canjaras 6 a waje tana da 49. Magoya bayansu duka biyun abu ɗaya suka gani da idonsu a gida, amma tazarar maki 6 ce tsakaninsu.

Akwai wasan da ya mayar da irin wannan lissafi sana'a, wato besbol, wanda ake ji da shi a Amurka da Japan da Kuba. Ɗaya yana jefo ƙaramar ƙwallo, ɗaya yana maka ta da kulki ya ruga ya zagaya zango huɗu. Kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka tana buga wasa 162 a kaka, kuma fiye da shekara ɗari ke nan ana rubuta alƙaluman kowane wasa. Shi ya sa ba a musu a kan abin da ɗan Japan Shohei Ohtani ya yi wa Los Angeles Dodgers a 2024: sau 54 ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili, sau 59 kuma ya saci gudu zuwa zango na gaba, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa a kaka ɗaya. Dodgers ta ci wasa 98 a shekarar, ta kuma doke New York Yankees ta ɗauki kofi.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Oakland Athletics a 2002. Ƙungiya ce mai ƙaramin aljihu. Abin da take biyan 'yan wasanta bai kai rabin na Yankees ba, kuma manyan taurarinta sun gudu wurin masu kuɗi. Manajanta Billy Beane ya daina sauraron masu cewa wane yana da kyan tsayuwa, wane kuma ƙirarsa ta ɗan wasa ce. Ya buɗe littafi ya nemi waɗanda alƙaluma suka nuna sun fi yawan isa zango na farko, ko da sauran ƙungiyoyi sun raina su. Cikinsu har da Scott Hatteberg, wanda ciwon gwiwar hannu ya sa aka yi tsammanin tasa ta ƙare. Oakland ta ci wasa 103 a kakar, har da 20 a jere, kuma Hatteberg ne ya buga ƙwallon da ta cika na ashirin. Kada dai a ce mun zuzuta alƙalami fiye da kima: a zagayen farko na wasannin neman kofi Minnesota Twins ta yi waje da su. Littafi yana nuna maka wanda za ka ɗauka, ba ya shiga fili ya buga maka.

Mu ma a nan mun ga yadda lamba ke buɗe ƙofa. Ahmed Musa yana matashi ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya zama wanda ya fi kowa a gasar, kuma a 2010 ɗin ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014. Amma lura, duka 'yan gaba ne. Ƙwallon da ta shiga raga ita kaɗai muke ƙirgawa. Ɗan tsakiyar da ya ƙwace ƙwallo sau goma, da golan da ya hana ci sau bakwai, sai dai a ce musu sannu da ƙoƙari a watse.

A nan ne maganar ta shafi Batsari da Safana kai tsaye. Garuruwan suna gefen dajin Rugu, kuma shekarun rashin tsaro sun sa baƙo yana tunani sau biyu kafin ya kama hanyarsu. Mai neman 'yan wasa da zai iya zuwa Katsina ko Funtuwa ya zauna ya kalli wasan yamma, da wuya ya iso filin makaranta a ƙauyukanmu. Yaron da ya iya ƙwallo a nan ba shi da shaida sai bakin abokansa, kuma kowa ya san abin da aboki zai faɗa. Idan ya je gwaji birni, cikin ɗimbin yara, mintuna kaɗan zai samu. Wanda ya zo da takarda mai nuna wasa nawa ya buga, da wa, a ina, ya ci nawa, da sa hannun malamin wasanni, ya riga ya sha gaban wanda ya zo da takalmi kawai.

Aikin bai fi ƙarfin 'yan aji huɗu na sakandare ba, littafin rubutu ɗaya da biro sun isa. A kowane wasa, na gidajen makaranta ne ko na unguwanni, a rubuta rana da fili da sunayen sha ɗayan farko, da wanda aka canza da mintin da aka canza shi. A rubuta wanda ya ci da wanda ya ba shi, domin mai bayarwa shi aka fi zalunta a hirar bayan wasa. Mutum biyu ya kamata su zauna, ɗaya yana bin 'yan gaba, ɗaya yana bin baya da gola, saboda ido ɗaya ƙwallo yake bi, ba mutane ba. Kada marubuci ya zama ɗan ajin da ke wasa. Mun san halin juna.

Ƙarshen zango sai a yi rabawa. A ce wani ya ci 9 a wasa 18, wani kuma ya ci 6 a wasa 8. Gari zai ɗauka na farko ne gwani, alhali shi rabin ƙwallo yake ci a kowane wasa, na biyu kuwa 0.75. Sai a sake dubawa: shidan nan a kan wa ya ci su? Idan huɗu daga ciki rana ɗaya ya zuba wa 'yan aji ɗaya, to lissafi ya canza. Malaman lissafi da ke neman misalin da zai hana 'yan bayan aji gyangyaɗi, ga shi nan a filin makarantarsu.

Abu ɗaya da muke roƙo kada a taɓa shi ne shekarun haihuwa. A rubuta na gaskiya tun daga shafin farko, kamar yadda yake a rajistar makaranta. Hukumar FIFA tana amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da shekara 17 tun daga gasar duniya ta 2009, wadda aka yi a nan Najeriya, har Kano ta karɓi wasu wasannin. Yaran da wannan gwaji ya mayar gida daga sansanin horo ba kaɗan ba ne.