Bambancin ma'ana tsakanin « answer », « reply » da « respond » a Ingilishi

1. Gabatarwa

Ɗalibin Nijar ta hanyar Faransanci yake isa ga Ingilishi. Inda Faransanci ke da « répondre », Ingilishi na da aikatau ukku: « answer », « reply » da « respond ». Ƙamus yakan jera su wuri guda, sai ɗalibi ya ɗauka duk ɗaya ne. A nan za mu nuna abin da ya raba su.

2. Asali

« Answer » kalmar gado ce, daga tsohuwar siga « andswaru », wato rantsuwar kare kai daga zargi. Sauran biyun sun shigo ta tsohon Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Shi ya sa « answer » ta fi yawo a bakin jama'a, « respond » kuwa a takardun hukuma da na ilimi.

3. Ma'ana

« Answer » tana biyan bukatar tambaya ko kira: « answer the question », « answer the phone ». « Reply » mai da magana ce kawai, da baki ko a rubuce, ko ta gamsar ko ba ta gamsar ba:

a. He replied, but he did not answer the question.
Ya mai da magana, amma bai amsa tambayar ba.

« Respond » ba lalle sai da magana ba, tana iya nuna abin da jiki ya yi:

b. The patient responded to treatment.
Magani ya karɓi majinyacin.

4. Nahawu

« Answer » aikatau ce so-karɓau, ba abin da ke shiga tsakaninta da karɓau. Sauran biyun sai da « to ». Wanda ya saba da « répondre à » yakan rubuta « he answered to the question », wanda kuskure ne. In mutum ko hukuma ta biyo bayan « answer to », ma'ana ta sauya:

c. The minister answers to parliament.
Majalisa ce ke bin bahasin aikin minista.

5. Kammalawa

Mun lura cewa a nan Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi: « ya amsa tambaya » gininta ɗaya da « he answered the question ». Saboda haka muna ba malamai shawara su faro wannan darasi daga Hausa, kafin su kawo « répondre ».