OLED, QLED ko Mini LED: wane babban telebijin ne ya dace da gidajen Nijar?

Duk wanda ya shiga manyan shagunan kayan lantarki a Yamai, Maraɗi ko Damagaram zai tarar da telebijin jere a bango, kowane yana nuna hoto iri ɗaya: furanni, ruwa mai kwarara, tsuntsu mai launuka. Sai a ga guda biyu girmansu ɗaya, amma kuɗin wannan ya ninka na wancan sau biyu ko uku. Da an tambaya, mai shago zai ce ai wannan OLED ne, wancan kuma QLED. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Tun da yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, telebijin ɗin da ake saidawa yuro 1,500 a Faransa ya riga ya kusa miliyan ɗaya kafin a sa kuɗin ɗauko shi da na duwan. Magidancin da zai fidda irin wannan dukiya ya kamata ya san abin da yake saye.

Sunayen sun yi kama da juna, amma aikinsu daban ne. Allon telebijin mai 4K yana ɗauke da ƙananan ɗigo sama da miliyan 8, wato 3,840 a kwance, 2,160 a tsaye. A OLED kowane ɗigo shi ke fidda haskensa da kansa, idan kuma wurin baƙi ne sai ya mutu gaba ɗaya. Shi ya sa baƙinsa yake fita wuluk, launuka kuma ba su dusashewa ko da mutum ya zauna a gefe. Kamfanonin LG da Samsung na Koriya ta Kudu ne ke ƙera mafi yawan irin wannan allo, har Sony ma daga wurinsu yake saye.

QLED kuwa, duk da harafi ɗaya ne ya raba su, tsohon allon LCD ne da aka inganta. Akwai fitilu a bayansa da ke haska shi, sannan an ƙara wani siririn shafi da ke ƙarfafa launi. Samsung ya yayata sunan tun 2017, yanzu TCL da Hisense na China ma suna amfani da shi. Matsalar ita ce sunan QLED shi kaɗai ba ya nuna inganci, don ana samun mai arha ƙwarai da mai tsada, duka da wannan tambari a kwali. Wanda ke gogayya da OLED a gaskiya shi ne Mini LED. A nan an maye gurbin fitilun baya da dubban ƙanana, an kasa su gida-gida, ta yadda wani sashe na allon zai iya yin haske sosai yayin da na kusa da shi ya yi duhu. Samsung na kiran nasa Neo QLED. Baƙinsa bai kai na OLED ba, kuma da dare ana iya ganin ɗan hazo kewaye da farin rubutu, amma yana iya cika allo duka da haske mai ƙarfi, ya daɗe a haka.

Mujallun Turai kusan kullum OLED suke ɗorawa a gaba, kuma suna da hujja: ga mai kallon fim da dare, an kashe fitila, babu kamarsa. Sai dai ɗakin da suke gwaji a ciki ba irin falon Tawa ba ne a watan Afrilu. Takardun yawancin kamfanoni sun nuna cewa iyakar zafin da telebijin zai yi aiki a cikinsa digiri 40 ne, alhali a lokacin bazara zafi a garuruwan ƙasar nan yakan wuce haka, balle a ɗaki mai rufin kwano da babu na'urar sanyaya wuri. Zafi ba ya yi wa kowane irin telebijin daɗi, amma sinadarin da ke ba da haske a OLED ya fi saurin tsufa da shi.

Akwai kuma yadda ake kallo. A gidaje da dama telebijin na kunne tun safe har a kwanta, sau da yawa a kan tasha guda. Tambarin tashar na maƙale a kusurwa ɗaya, jan layin labarai na ƙasa, allon sakamakon wasa na sama. Ɗigon da ke ƙarƙashin waɗannan abubuwa sun fi sauran aiki, don haka sun fi su saurin gajiya, kuma bayan shekaru tabon tambarin na iya zama a allon har abada. Sababbin OLED suna da dabarun rage wannan haɗari, ciki har da wani gyara da suke yi da kansu bayan an kashe su. To amma gyaran na bukatar a bar wayar a jone, abin da ba ya yiwuwa ga wanda ke zare ta kullum don tsoron wuta, ko wanda kuran ke yanke masa yana cikin kallo.

Ke nan ga falo mai tagogi, inda iyali ke taruwa da rana, yara na kallon nasu, maigida na jiran labaran Télé Sahel ko wasan Mena, Mini LED mai kyau ya fi dacewa. OLED na wanda ke da ɗaki mai sanyi da labule ne, wanda kallonsa na ƴan awoyi ne da dare.

Kafin ma a kai ga wannan zaɓi, akwai tambayar da masu shago ba su cika yi ba: me za a kalla? Hoton da ake gani a shago an tanade shi ne musamman a 4K, an kuma sa akwatin a tsarin talla mai ƙure haske. A gida labarin ya sha bamban. Tashar da ke watsa shirye-shirye da tsohon tsari tana aiko ɗigo 720 sau 576 ne, wajen 415,000. Allon 4K ya ninka haka sau 20, ma'ana telebijin ɗin ne zai ƙirƙiro sauran da kansa. Ko tashoshin HD da ake kamawa ta parabol, ɗigo miliyan 2 ne, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da allon ke bukata. Shi ya sa wani kan sayi inci 75, ya kai gida, ya ga fuskar mai gabatar da labarai ta fi dagulewa fiye da yadda take a tsohon akwatinsa. Ba lalacewa ya yi ba, girman ne ya tona asirin hoton.

A nan ne tsadar manyan telebijin ke da ma'ana, domin ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ta fi iya gyara hoto mai rauni, kuma Sony ya yi suna a wannan fanni. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: mai saye ya nemi a cire hoton talla, a jona dikoda, a sa tashar da ya saba kallo. Idan mai son ƙwallon ƙafa ne, ya bi ƙwallon da ido lokacin da aka buga ta da nisa, ya ga ko tana barin inuwa a baya. Allon da ke sabunta hoto sau 100 ko 120 a daƙiƙa ya fi riƙe motsi, amma a yi hattara da manyan lambobi kamar 400 ko 1,000 da wasu ke bugawa a kwali, na talla ne kawai.

Ainihin hoton 4K yawanci ta intanet yake zuwa, kuma yana cin kuɗi. Netflix na ba da shawarar a samu gudun megabit 15 a daƙiƙa, kuma awa ɗaya na iya lashe har giga 7. Mai sayen intanet a waya kaɗan-kaɗan ya yi lissafin fim ɗaya. Batun 8K kuwa ba sai an tsaya a kansa ba, babu tashar da ake kamawa a nan da ke watsa shi.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi kashe telebijin. Babban kaso na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya yake zuwa, na Yamai ta layin Birnin Kebbi, na Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. Jama'a ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da aka katse wutar saboda takunkumin CEDEAO. Ko a lokacin da komai ke tafiya daidai, bazara na zuwa da yawan yankewa. Ɗaukewar ba ita ce abin tsoro ba, dawowar ce, domin wani lokaci takan zo da ƙarfin da ya wuce bolt 220, ta ƙone sashen da ke karɓar wuta. Don haka kuɗin regilatar mai kyau, irin wanda ke jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci bayan ta dawo, a lissafa shi cikin kuɗin telebijin tun farko. Ya fi a sayi inci 55 da abin kariya a kan a ƙarar da komai a inci 65 a jona shi kai tsaye a bango.

Masu aiki da hasken rana su duba lambar wat da ke bayan akwatin. Telebijin mai inci 65 yakan ja tsakanin wat 100 da 200 gwargwadon hasken da aka sa masa, wanda ya ninka na ƙaramin inci 32 sau da yawa, kuma batir zai shaida. Da damina kuma, tsawa ba ta wayar kuran kaɗai take shiga ba. Takan biyo wayar parabol, ta ratsa dikoda, ta ƙone mashigar HDMI. Idan hadari ya taso, a zare duka biyun.

Girma kuwa a auna shi da ɗaki. Inci, ko pouce kamar yadda ƴan kasuwa ke faɗa, daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi: inci 55 santimita 140 ne, inci 65 kuma 165, faɗinsa wajen 144. Ga kujerar da ke nesa da mita biyu da rabi zuwa uku, inci 65 ya wadatar. A bar tazara tsakanin bayansa da bango don iska ta ratsa, kada kuma a lulluɓe shi da ƙyalle yana kunne da sunan kare shi daga ƙurar hunturu. Manhajojin da ke ciki, Tizen a Samsung, webOS a LG, Google TV a Sony da TCL, kada su zama dalilin zaɓi, tun da ƙaramar na'urar da ake jonawa a baya na iya maye gurbinsu. Sauti ma haka, siririn akwati ba ya da wurin babbar lasifika, mai son amo sai ya ƙara ta waje.

A wurin biya ne ake yawan yin asara. Kasuwa na ɗauke da akwatunan da aka manna wa sunan babban kamfani alhali ba nasa ba ne. Lambar samfurin da ke kan kwali, da wadda ke bayan akwatin, da wadda ke fitowa a cikin saitinsa, dole su zama ɗaya. Telebijin ɗin da aka ƙera don kasuwar Amurka yawanci na bolt 120 ne, kuma ba ya kama tashoshin TNT da eriya. Wanda zai kama su sai an ga DVB-T2 a rubuce a jikinsa. Yana da kyau mai saye ya zo da hotuna a USB, fari zalla, baƙi zalla, ja da kore, a kunna su a kan ainihin akwatin da zai tafi da shi gida, ba na bango ba. Duk mataccen ɗigo ko tabo nan take zai bayyana.

Garanti kuma a rubuce, da hatimin shago da lambar akwatin a kan takardar saye, a kuma fayyace ko ya haɗa da allon da ɓarnar wuta, don da yawa ba su haɗa ba. Masu gyara a garuruwan nan sun iya canza sashen wuta, sun iya canza fitilun bayan LCD. Amma idan allon OLED ya fashe ko ya yi tabo, sai an yi odarsa daga waje, kuma kuɗinsa kan kusa kai na sabon telebijin.