Andy Flower: ɗan kurket ɗin da ya yi wa dimokuraɗiyyar Zimbabwe zaman makoki a fili

A ranar 10 ga Fabrairun 2003, 'yan wasan kurket biyu na Zimbabwe suka shiga filin wasa na Harare ɗaure da baƙin ƙyalle a damtsensu. Ɗaya Andy Flower ne, farar fata, wanda ƙasar ba ta taɓa samun gwanin bugu kamarsa ba. Ɗayan kuma Henry Olonga ne, baƙar fata na farko da ya wakilci Zimbabwe a babban matakin wasan. A sanarwar da suka raba wa 'yan jarida, sun ce suna makokin mutuwar dimokuraɗiyya a ƙasarsu. Filin kuwa yana daf da fadar Shugaba Robert Mugabe, wanda shi ne uban ƙungiyar kurket ta ƙasar.

Aikin da ya fi kowane wahala

A kurket, mai jifa yana auna wasu sanduna uku da aka kafa a ƙasa, mai bugu kuma yana kare su da faffaɗan katako yana tara maki. A bayan sandunan akwai mai tsaro sanye da safar hannu, yana tsugune yana cafke duk ƙwallon da ta wuce. A dogon wasan da ake kira Test, wanda kan kai kwana biyar, mai tsaron kan yi tsugune ɗaruruwan lokuta a yini guda, sannan a buƙaci ya ɗauki katako ya yi bugu. Shi ya sa a da ba a tsammanin maki da yawa daga gare shi.

Flower, wanda aka haifa a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 1968 ya kuma tashi a Zimbabwe, yana cikin waɗanda suka sauya wannan tunani. A wasansa na farko a gasar cin kofin duniya ta 1992 ya ci maki 115 a kan Sri Lanka ba tare da an fitar da shi ba. A 1995 shi ne kyaftin lokacin da Zimbabwe ta samu nasararta ta farko a Test, a kan Pakistan, inda ya ci 156, ƙaninsa Grant kuma ya ci 201. A 2000 ya ci 232 a birnin Nagpur na Indiya, adadin da babu mai tsaron sanduna da ya zarce shi a bugu guda na Test. A shekarar da ta biyo baya ya ci 142 da 199 a wasa ɗaya da Afirka ta Kudu, amma duk da haka ƙasarsa ta sha kashi. Ya kammala da maki 4,794 a wasannin Test 63.

Me ya kai ɗan wasa cikin siyasa?

Daga 2000, gwamnatin Mugabe ta fara ƙwace gonakin Turawa. Batun yana da tushe, domin mulkin mallaka ya bar wa tsirarun fararen fata mafi kyawun ƙasar noma. Sai dai an gudanar da shirin cikin tashin hankali, noma ya durƙushe, abinci ya yi ƙaranci, 'yan adawa da 'yan jarida kuma suka shiga uku. Bayan zaɓen 2002 da Morgan Tsvangirai ya yi watsi da sakamakonsa, wani kwamitin shugabanni uku da ya haɗa da Olusegun Obasanjo na Najeriya, Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu da John Howard na Ostireliya ya dakatar da Zimbabwe daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

Cikin wannan hali aka ba Zimbabwe damar karɓar wasu wasannin gasar cin kofin duniya ta 2003. Ga gwamnati, dama ce ta nuna wa duniya cewa lafiya lau ake. Flower ya san cewa idan shi kaɗai ya yi magana, za a ce kukan Bature ne da aka karɓe wa danginsa gona. Don haka ya nemi Olonga, suka kuma samu taimakon lauya David Coltart, ɗan majalisa daga ɓangaren adawa, wajen tsara sanarwar. Ba su ƙaurace wa wasan ba. Sun buga shi, Zimbabwe ta doke Namibiya, amma washegari ba sakamakon ne ya mamaye jaridu ba.

Abin da ya biyo baya

Hukumar kurket ta duniya ta ce matakin na siyasa ne, amma ba ta hukunta su ba. A gida kuwa lamarin ya yi tsanani, kuma nauyin bai faɗa kansu daidai wa daida ba. An kori Olonga daga kulob ɗinsa na Takashinga, aka riƙa yi masa barazanar kisa, aka ajiye shi a benci a yawancin sauran wasannin. Yana da shekara 26 ya bar wasan ƙasa da ƙasa, ya yi gudun hijira zuwa Ingila. Flower kuwa yana da shekara 34, yana kuma da kwantiragi da kulob ɗin Essex, saboda haka yana da inda zai dafa. Su biyun sun rasa ƙasarsu, amma ɗaya ya rasa sana'arsa tun yana ganiyar ƙuruciya.

Kurket ɗin Zimbabwe ma bai tsira ba. A 2004 rikici ya ɓarke tsakanin hukuma da manyan 'yan wasa bayan sauke kyaftin Heath Streak, aka ɗora wa Tatenda Taibu, shi ma mai tsaron sanduna, jagoranci yana da shekara 20. A farkon 2006 ƙasar ta janye daga wasannin Test, ba ta dawo ba sai 2011.

Flower ya zama babban kocin Ingila a 2009. A ƙarƙashinsa suka ci kofin duniya na gajeren wasa a 2010, suka doke Ostireliya a gidanta karon farko cikin shekara 24, suka hau matsayi na ɗaya a duniya a 2011. Ya sauka a farkon 2014 bayan Ostireliya ta lallasa su a wasanni biyar a jere. A 2021 aka sanya shi cikin jerin gwarazan kurket na duniya.

Shin baƙin ƙyallen ya sauya wani abu? Bai girgiza kujerar Mugabe ba, wanda ya ci gaba da mulki har sai da sojoji suka tilasta masa sauka a Nuwamban 2017. Abin da ya yi shi ne hana gwamnati amfani da gasar wajen wanke kanta, kuma waɗanda suka hana ta 'yan ƙasa ne sanye da rigar ƙasa, baƙi da fari, waɗanda ba a iya kiran su 'yan kanzagin waje cikin sauƙi. Har yau hukumomin wasanni na nanata cewa a raba siyasa da fili. A Harare a 2003, shugaban ƙasa ne uban ƙungiya tun kafin wani ɗan wasa ya buɗe baki.