Sayen GPS da taswira kamar sayen shanun huɗa ne

Duk wanda ya taɓa sayen shanun huɗa ya san ba a sayen sa ɗaya a ce an gama. Biyu ake nema, tsayi ɗaya, taku ɗaya, domin in aka ɗora karkiya wannan na gaba wancan na noƙewa, kunya karkacewa za ta yi. Haka abin yake ga mai neman na'urar GPS da manhajar taswira ta kwamfuta don shiga ƙauyukan Fakai.

Muddin kana kan titin Koko zuwa Dabai, wanda ya ratsa Mahuta, ba ka buƙatar jagora. Aikin yana farawa ne in ka sauka ka kama hanyar gona, inda sawun babur ke rabuwa gida uku a gindin bishiya ɗaya. Malamin gona, ma'aikacin rigakafi da mai haƙa burtsatse duk sun san wannan wahala.

Sa na farko shi ne na'urar. Tana sauraron taurarin ɗan'adam na Amurka, aƙalla 24, da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, kuma sai ta kama huɗu kafin ta faɗa maka inda kake. Ba ruwanta da sabis ko data. Gwanin saye ba ya ruɗuwa da kyan ƙaho. Baki yake buɗewa ya ga haƙori, ya ɗaga kofato. Kai ma kada girman allo ya ja ka. Duba batiri tukuna: Garmin eTrex, misali, ƙananan batura biyu na AA take ci, irin waɗanda ake samu a tireda, don haka rashin wuta ba zai tsayar da kai ba. Duba ko tana jure ruwa da ƙura. Duba ko tana kama GLONASS na Rasha ko Galileo na Turai, domin tsakanin duwatsun ƙasar Zuru, yawan taurari shi ne rufin asiri.

Sa na biyu shi ne manhajar. Wadda ba ta buɗewa sai da intanet, a gida za ta bar ka. QGIS kyauta ce, tana aiki da taswirar da ka riga ka sauke. Taswirar OpenStreetMap, da aka fara a 2004, 'yan sa-kai ke zana ta, kuma ba kowace hanyar ƙauye suka kai gare ta ba. Saboda haka nemi manhajar da ke karɓar fayil ɗin GPX, ta yadda duk hanyar da ka bi yau za ta zauna a taswirarka gobe.

Karkiyar da ke haɗa su ita ce ma'aunin wuri. GPS da WGS 84 take aiki, tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuwa da ma'aunin Minna aka zana su. In ba ka daidaita su ba, za a sami saɓanin mitoci masu yawa, wanda ya isa ya kai rijiyarka gonar maƙwabci.

Sannan shanu ba sa huɗa sai da mai riƙe garma. Taswira ba ta san rafi ya kawo ruwa daren jiya ba, ba ta san wace hanya ce ba lafiya yau ba. Wannan mai unguwa da ɗan kabu-kabu ne za su gaya maka.

Kafin ka biya kuɗi, haɗa na'urar da kwamfutar, ka bi hanyar da ka sani kamar tafin hannunka. In layin ya hau daidai, saya. In ya karkace, riƙe kuɗinka.